Maigida, Saɓa Ɗanka Ku Tafi Gona

A ƙauyukanmu na Tsanyawa babu wanda ya kai yayayyen yaro zaman gida. Jinjiri yana bayan uwarsa, duk inda ta sa ƙafa da shi ake zuwa, ko gidan suna ne, ko asibiti, ko ganin gida. Ɗan shekara shida kuwa ya riga ya zama ɗan aike, yana kai fura gona, yana kora awaki, yana zuwa makarantar allo. Wanda aka bari a tsakiya shi ne mai shekara biyu zuwa uku, wanda bai daɗe da barin tatata ba. An sauke shi daga baya saboda uwa ta samu ciki ko sabon goyo, ƙafarsa kuma ba ta yi ƙwarin bin yayyensa ba. Sai duniyarsa ta tsaya tsakanin bakin murhu, turken akuya da zaure.

A da akwai masu cike wannan giɓi. Yayarsa mace takan goya shi ta zaga da shi gari, ko a kai shi yaye wajen kaka, ita kuwa tsohuwa ba ta kulle, da shi za ta je ɗiban tafasa da roron wake. Yanzu yayar tana boko da safe, tana Islamiyya da yamma, kuma haka ya kamata, ba na fatan a cire yarinya daga aji domin raino. Kakanni da yawa ƙarfi ya ƙare. Uba kuma da ya idar da asuba ya kurɓi kunu sai ya tayar da babur, ba a sake ganinsa sai bayan isha'i. Idan yaro ya dami mutane da kuka, sai a miƙa masa waya ya yi ta kallon 'yar tsana mai rawa har barci ya ɗauke shi.

Ra'ayina a kan wannan gajere ne. Fitar da yaron nan waje aikin uba ne, kuma aiki ne na kowane lokaci a shekara, da damina da rani. A tsarin zamanmu uba ne ke da ƙafar fita kullum, shi ne ya san gona da hanyarta, shi ne kuma zai iya saɓa yaro a wuya idan ya gaji. Ni malamin firamare ne, ina kuma noma 'yar gonar gado kamar kowa a nan, kuma abin da zan faɗa na gan shi ne a kan 'yata da ke gab da cika shekara uku.

Idan aka ce fita da yara, hankalin mutane kan tafi ga Sallah: a cika mota a nufi Kano, a shiga Gidan Zoo na Audu Bako, a sha ƙanƙara, a ɗauki hoto, a dawo da dare yara sun galabaita. Ba na hana mai hali. Amma wannan sau ɗaya ne a shekara, kuma ɗan shekara biyu ba ya riƙe komai a cikinsa sai cunkoso da ƙishirwa. Abin da ke zama a kan yaro ƙarami shi ne wurin da ya je ya sake zuwa, ya ga ya sauya, ya tambaya.

Irin wannan wuri kuwa a bayan gidanmu yake. Ƙasarmu ba ta da dajin da za a ce an shiga an ɓace. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tsanyawa mutum sama da 150,000, kuma duk wanda ya bi hanya daga Tsanyawa zuwa 'Yankamaye, ko Dumbulum, ko Tatsan, ya san gona ce ke haɗe da gona har iyakar gani. Baturen nan masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya yi ta nuna wa duniya cewa yawan jama'a bai cinye itatuwan wannan ƙasa ba, domin kowace bishiya a gona tana da mai ita, kuma mai ita yana tattalinta. Gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, ɗinya, duk a tsakiyar shuka suke tsaye. Wato ko'ina akwai inuwa, ko'ina akwai mutane, kuma daga ƙofar gida zuwa bakin gona tafiyar da ɗan yaro zai iya ce.

Damina ta fi kowane lokaci abin gani, kuma tun kafin ruwa ya sauka take farawa. Da shamuwa ta dawo ta kama gyaran sheƙa a kan bishiyoyin cikin gari, sai na riƙa tsayawa da yarinyar a ƙarƙashi muna kallo. Na ce mata ruwa ya kusa. Ba ta gane ba a ranar, amma da hadari ya haɗo aka yi ruwan shuka, da kanta ta nuna sama ta kira sunan tsuntsuwar. Washegarin ruwan farko ƙasa takan cika da abin mamaki ga mai gajeren tsayi: jan ƙwaron nan mai laushin jiki yana tafiya a kan yashi, fukafukan shinge sun zube a gindin bango, ƙadandoniya tana naɗewa idan an taɓa ta da tsinke. Babba yana wucewa bai gani ba. Ita kuwa takan tsuguna a kan tururuwa ɗaya har sai ta raka ta rami, kuma dole mai rakiya ya haƙura ya tsaya. Wanda ke sauri kada ya ɗauki yaro, gara ya bari sai ranar da ba ya sauri.

Ranar shuka ina gaba da sungumi, yayanta yana bina yana jefa iri yana rufewa da diddige. Ita ma na ware mata kusurwa a bakin gona, na zuba mata tsabar dawa a murfin kwano. Daga dawar tuwo na ɗebo mata, domin irin da aka gauraya da jan maganin nan bai kamata ya taɓa hannun yaro ba, hannun yaro kuwa baki yake nufa. Ta zuba wani a rami, wani a waje, wani kaji suka samu. Bayan 'yan kwanaki abin ya tsiro. Tun daga nan wurin ya zama "gonata", kuma duk fitar da za mu yi sai an fara biyawa an duba ta. A kan wannan 'yar kusurwa ta san toho, ta san ciyawa daban shuka daban, ta ga dawa ta kai gwiwarta, ta kai kanta, ta wuce ni. Ina koyar da 'yan aji ɗaya, kuma na daɗe ina lura da cewa yaron da aka saba fita da shi ana yi masa magana yakan zo makaranta da baki. Yana da sunayen abubuwa, yana iya ba da labarin abin da ya gani daga farko zuwa ƙarshe, kuma wanda ya iya wannan karatu ba ya yi masa wuya.

Amma damina ce kuma ta fi haɗari, kuma ba zan ɓoye wannan ba domin in ƙawata magana. Abu na farko kududdufi. Kusan kowane gari a nan yana da ramin da aka haƙi ƙasar gini, kuma da marka ta kankama a watan Agusta sai ya cika ya batse har bakin hanya. Ɗan shekara biyu ba ya buƙatar ruwa mai zurfi kafin ya halaka, kuma ba ya ihu. Yaron da uba ke riƙe da hannunsa ya fi tsira daga kududdufi a kan wanda ya sulale daga zaure shi kaɗai ana can ana daka, shi ya sa nake ganin kulle yaro a gida ba ya maganin wannan haɗari. Sai maganin feshi. Yau da wuya ka ga gonar da ba a fesa wa maganin ciyawa ko na ƙwari, kuma robobinsa a nan bakin gona ake yar da su, yaro ya tsinta ya mai da abin wasa. Gonar da aka yi wa feshi ba na shiga da yarinyar sai an kwana biyu, robar kuma ba ta kwana a fili. Akwai kuma bini-da-zugu da muke shinge da shi, wanda 'ya'yansa ke kama da gyaɗa a idon yaro, ga tumfafiya mai farin ruwan da ke cutar da ido, ga zaƙami. Duk waɗannan ana nuna wa yaro su ne a ce masa kul, kuma a wurin da suke ake nuna masa.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa ba a gona da hantsi ake ɗaukarsa ba. Sauron da ke kawo shi da dare yake cizo, a cikin ɗaki. Don haka gidan sauro ne maganinsa, da kuma ƙwayoyin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59, wata-wata, daga Yuli zuwa Oktoba, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012. Suna ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyun da ke biye. A nan ake sakaci. Uban da ya damu da lafiyar ɗansa ya tambaya ko an ba da na rana ta biyu da ta uku, wannan ya fi hana yaro taka raɓa amfani.

Kaka lokacin ci ne, kuma a nan ko uban da ba ya son raino yakan sassauto. Gero ya nuna, a karyo kai guda a babbaka a murje, yaro ya ci tumu da ɗuminsa a gindin gawo. Ga takanɗa, ga ɗanyen wake, ga ɗinya ta yi baƙi tana zubowa. Gona cike take da mutane, masu girbi, masu ɗaurin dami, tsofaffin mata masu roro, amalanken shanu na kai da kawowa, balbelu na bin sawu. A nan yarinyar ta koyi gaisuwa. Na ce mata ta ce "sannunku da aiki", ta faɗa da gwarancinta, tsofaffi suka amsa da "yauwa 'yar albarka", wani dattijo ya ce ai ga amaryarsa ta zo taya shi girbi. Yaron da bai taɓa gaida kowa ba sai mutanen gidansu, ranar da aka kai shi cikin jama'a ɓuya yake yi a bayan zane.

Abu biyu nake kiyayewa da kaka. Ɗanyar gyaɗa tana da daɗi, amma ƙwayarta guda tana iya sarƙe ɗan ƙasa da shekara uku ta bi hanyar numfashi, don haka sai an farfasa ko an tauna masa. Sannan tarin kara da na harawa maɓoyar kunama da maciji ne, ba wurin wasan ɓuya ba. Ƙarangiya da tsidau kuwa takalmin roba ya ishe su, sauran a cire da hannu a rarrashi mai kuka.

Da hunturu ne nake samun gardama, kuma daga mahaifiyata take zuwa. Da ta ga na sa wa yarinyar rigar sanyi da hula sai ta ce, "Kai, ina za ka kai min kishiya cikin wannan jaura? So kake ka jawo mana mura?" Nakan ce, "Inna, sai hantsi ya dubi ludayi za mu fita, kuma ba nisa." Tana da gaskiya a wani ɓangare. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango bishiyar da ke ƙarshen gona, ƙura tana shaƙe babba ma balle yaro, mai asma kuwa ko zaure kada ya leƙa. Irin wannan rana a gida muke wuni. Sai dai mura ƙwayar cuta ce da ake ɗauka daga mutum zuwa mutum, kuma ta fi yaɗuwa a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga mutane suka cunkushe. Hayaƙin itace da na gawayin da muke kunnawa a ɗaki domin jin ɗumi yana cikin abubuwan da ke jawo wa ƙananan yara ciwon huhu. Saboda haka ranar da gari ya washe, a shafa wa yaro man kaɗe a leɓe da ƙafa, a fita da shi ya sha rana.

Kuma hunturu yana da nasa abin kallo. An kwashe amfani, gonaki sun buɗe, yaro yana iya gudu iyakar ƙarfinsa ba mai cewa ya taka shuka. Shanun Fulani sun shigo cin kara. Magarya da kanya da aduwa sun nuna. Gawo, wanda ya zauna tsirara duk damina, yanzu ne yake fitar da ganye shar lokacin da sauran itatuwa ke kaɗewa, kuma ko ɗan shekara uku yana lura da wannan idan an saba tsayawa da shi a gindin bishiya ɗaya. Wanda ke kusa da fadama ko yake da ɗan'uwa mai lambu a wajen madatsar ruwa ta Watari a Bagwai, ya kai yaro ya ga tumatir da albasa a tsakiyar rani, amma hannunsa cikin nasa, domin hanyar ruwa ma kududdufi ce.

Bazara ba ta son dogon zance. Zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, don haka fita daga bayan asuba ce zuwa fitowar rana sosai, da gorar ruwa a hannu. A raka jakai masu kai taki gona, a tsinto wa awaki 'ya'yan gawo, a sha garin ɗorawa, a dawo. Lokacin sanƙarau da ƙyanda ne kuma, katin rigakafi ya kamata a duba kafin komai.

Na san abin da ke hana maza da yawa, kuma ba rashin lokaci ba ne kaɗai. Kunya ce da tsoron bakin majalisa. An taɓa ce min, "Malam, yau kuma raino aka koma?" Wani kuma idan ɗan fari ne ko sunansa ba ya faɗa, balle ya ɗauke shi a bainar jama'a. Ina girmama alkunya, tana cikin abin da ya sa mu mu ne. Amma alkunya ba ta taɓa nufin a bar yaro ba mai kula ba. A da idan uba ya kau da kai daga ɗan fari, akwai kaka da baffa da goggo da suka rungume shi. Inda waɗannan suka yi ƙaranci, kau da kan ya zama rashi ga yaron. Kuma wanda ya fi mu kunya da daraja, Annabi (SAW), ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya sake ɗaukarta, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Shi kansa a ƙauyen Banu Sa'ad ya yi ƙuruciyarsa ta farko wajen Halima, domin Ƙuraishawa sun san iskar karkara da harshenta suna gina yaro. Mu da muke zaune a karkarar, ba sai mun aika da ɗa ko'ina ba.

Masu cewa kada a bi da yaro gindin tsamiya da rana tsaka, ko kada magariba ta same shi a waje, ba ni da ja da su. Tsare yara a gida idan rana ta faɗi umarni ne da ya zo a hadisi, rana tsaka kuma ko ba don komai ba zafinta ya isa dalili. A yi wa yaro addu'a a fita da hantsi ko bayan la'asar. Wanda kuma ya tafi cin rani Legas ko Abuja, ya bar wa ƙaninsa ko mahaifinsa wannan amana kamar yadda yake barin amanar awaki da rumbu.

Likitoci ma sun zo da nasu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, ɗan shekara ɗaya kada a ba shi kallon waya ko talabijin sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 na zama a waje kullum, bayan shekara uku aka tarar matsalar rashin ganin nesa ta kama kusan kashi 30 cikin 100 nasu, alhali a makarantun da ba a yi haka ba ta kai kusan kashi 40. Wannan bincike da aka buga a 2015 a kan yaran da suka girmi nawa aka yi shi, amma ya isa ya sa uba ya yi tunani kafin ya miƙa wa ɗan shekara biyu waya a cikin ɗaki mai duhu.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi. Tun ƙarshen 2025 da 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga wajen iyakar Katsina suna kai hari wasu ƙauyukan Tsanyawa da Shanono suna ɗauke mutane, tsoro ya shiga zukata, kuma tsoro ne mai dalili. Wanda ke garin da abin ya taɓa, ba ni da bakin ce masa ya ɗauki ɗa ya nufi gona mai nisa. Allah Ya kawo mana ƙarshensa, hukuma kuma ta tsaya a kan aikinta. Abin da nake cewa shi ne, inda hali ya yi, gonar bayan gari da rana kata cikin mutane tana nan, kuma kada mu bari yaranmu su tashi ba su san komai game da ƙasarsu ba sai labarin gudu.

Saura abin da ya fi ƙarfin uba ɗaya. Burtalin da muka taso muna bi zuwa gona kullum ƙara tsukewa yake, kowa na cin taku guda daga gefensa, har wani wurin amalanke ba ta wucewa sai ta taka shuka, mai tafiya da yaro kuma sai ya koma bakin kwalta inda motocin Kano zuwa Katsina ke gudu. Manyan ɗorawa da gawo ana sayar wa masu itace da gawayi, ba a dasa madadinsu. Dagatai da masu unguwanni su ne suka san iyakar kowane burtali, su ne kuma ake jin maganarsu idan suka ce a bar bishiya. Kududdufan da ke cikin gari kuwa ba sai an jira kwangila daga sakatariya ba. Matasan unguwa ɗaya, da gatari da ƙayar magarya da dirkoki, suna iya kewaye bakin da ke fuskantar gidaje a yini guda na aikin gayya, kuma watan Mayu ne lokacinsa, tun ramin yana busasshe.